ƘAURIN ROBA A CIKIN MOTA

Jawabin faɗakarwa ga direbobi, kanikawa da masu motoci



Maganar da wannan jawabi ya ƙunsa ita ce ta ƙaurin roba, watau warin nan mai kama hanci da maƙogwaro wanda direba kan ji a cikin motarsa, wani lokaci yana tsakiyar tafiya, wani lokaci kuwa sai bayan ya tsaya ya kashe inji. Mutane da yawa ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Wani sai ya ce ai daga waje ne, ana babbakar kawuna da tsohuwar taya a bayan mahauta. Wani kuwa ya sauke gilashi kawai ya ci gaba da tafiyarsa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Lafiyayyar mota ba ta ƙauri. In ta yi, to, lalle akwai wani abu a jikinta da ya ɗauki zafin da bai kamata ya ɗauka ba, kuma sau da yawa hanci yakan riga allurar da ke gaban direba sanin haka.

An ɗauki unguwar Shehuri ta birnin Maiduguri domin misali, kuma da dalili. Shehuri ita ce unguwar da fadar Shehun Barno take ciki, a tsakiyar garin Yerwa wanda Shehu Abubakar Garbai ya zauna a cikinsa tun 1907. In an bar Dandal, babban titin nan da ya miƙe har ƙofar fada, sai a faɗa lunguna irin na tsohon gari, waɗanda aka tsara tun mota ba ta yi yawa ba. Ga Kasuwar Litinin a kusa, da motocin da ke shiga da kaya suna fita da kaya. Tun da aka hana hawan babura a Maiduguri cikin 2011, keke mai ƙafa uku ya cika hanyoyi, mota ba ta tafiyar kirki sai ta tsaya. Zafin bazara kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40. Daɗin daɗawa, ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban sashe na birnin, har da Shehuri da fadar kanta, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Motoci masu yawa sun kwana cikin ruwa da laka, kuma da dama daga cikinsu an wanke su, an tayar, sun koma kan hanya, wasu ma an sayar da su zuwa wasu garuruwa. Zafi, cunkoso, lodi da ruwa, su ne iyayen ƙaurin roba, kuma ga su duka a unguwa ɗaya. Abin da za a faɗa a nan ya shafi direban Sakkwato da na Kano da na Ikko daidai da na Shehuri.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a taɓa tun da wuri. Mutanen Barno sun yi suna wajen turaren wuta da humra, kuma babu laifi mota ta yi ƙamshi. Sai dai direban da ya ji ƙauri, maimakon ya nemi tushensa sai ya ƙara turare, wannan ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi ne. Ranar da ake neman inda ƙauri yake fitowa, a fitar da duk wani abin ƙamshi daga motar.

ABIN DA ZA A FARA YI

Direban da ya ji ƙauri ya kashe na'urar sanyaya mota, ya nemi gefen hanya inda babu busasshiyar ciyawa, babu kuma masu sayar da fetur a jarka, ya tsaya, ya kashe inji, ya zare makulli. Fasinjoji su sauka su ja baya. Sa'an nan ya dubi murfin inji daga nesa. In hayaƙi mai kauri yana fita ta gefensa, ko fenti yana kumbura, kada ya buɗe. Za a zo ga wannan a gaba. In babu hayaƙi, ya dakata kamar minti goma ko sha biyar inji ya huce, kana ya ɗaga murfin. Marfin lagireto kuwa kada ya kuskura ya taɓa shi da zafinsa, domin ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, kuma da an sassauta marfin sai ya yi tsiri ya wanke fuska. Haka nan mai babbar riga ya naɗe hannuwan rigarsa, mai rawani ya tattara jelarsa, gama fankar motocin zamani da lantarki take aiki, tana iya tashi da kanta ko inji yana kashe.

Kafin ya taɓa kome, direba ya tambayi kansa abu uku. Yaushe ƙaurin ya fara: da tayar da inji, ko a cikin cunkoso, ko bayan gangare, ko sa'ad da aka kunna fitila? Daga ina ya fi ƙarfi: daga inji, ko daga wata ƙafa guda, ko daga ƙarƙashin allon da ke gaban direba? Me kuma ya zo tare da shi: ƙara, ko hayaƙi, ko jar fitila, ko nauyin sitiyari? Wanda ya iya amsa waɗannan ya yi rabin aikin bakanike, ya kuma rage wa kansa kuɗin lalube.

FAMBEL

In ƙaurin na roba ne tsantsa, kuma daga inji yake fitowa, abin da za a fara zargi shi ne fambel. Bel ɗin nan ne yake ɗauko juyi daga inji ya raba wa altaneta mai cika batir da wuta, da famfon sitiyari, da kwamfuresar na'urar sanyaya mota, a motoci da yawa har da famfon da ke zagaya ruwa cikin inji. Yana tafiya ne a kan wasu ƙananan ƙafafu na ƙarfe waɗanda kanikawa ke kira fuli. Muddin ya kama su da kyau, ba ya zafi. Amma in ya saki, ko ya tsufa ya yi santsi, ko mai ya zuba masa, sai ya riƙa zamewa a kan ƙarfen, gogayya ta haifi zafi, zafi ya ƙona roba. Alamarsa ita ce ƙara mai tsini kamar kukan tsuntsu, musamman da safe, ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko aka kunna na'urar sanyi.

Dubansa ba wuya, amma sai inji yana kashe, makulli yana aljihu. A duba cikin bel ɗin: in ya tsattsage, ko yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ko gefensa ya yi zare-zare, ko akwai baƙin gari na roba a kewayen fuli, kwanansa ya ƙare. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, bel ɗin siriri ne, kuma akan gwada shi da babban yatsa: a danna tsakiyarsa, in ya lotsa kamar santimita ɗaya ya yi daidai, in ya fi haka sosai sai a sassauta notin altaneta a ja ta baya a ɗaure. Motocin yanzu galibi bel guda ne mai faɗi, mai layi-layi a ciki, kuma akwai wani fuli mai sifirin wanda aikinsa shi ne ya riƙe shi a ɗame. In irin wannan ya saki, ba ɗaurewa ake yi ba, sifirin ɗin ne ya gaji, sai a sake shi.

A nan ne akan yi kuskure biyu, kuma dukansu suna da tsada. Na farko shi ne na masu zuba wa bel ruwa, ko su goga masa sabulu ko kyandir, wasu har man birki, domin ya yi shiru. Zai yi shiru na ɗan lokaci, amma zamewar ƙaruwa take yi, mai kuwa cin roba yake yi. Na biyu shi ne a sa sabon bel ba tare da an tambayi abin da ya kashe tsohon ba. Sau da yawa bel ba shi da laifi. Boris ɗin altaneta ne, ko na kwamfuresa, ko na famfon ruwa ya cije, fuli ya ƙi juyawa, bel yana ta gogar ƙarfen da ke tsaye. Wannan ya fi yawa a motocin da suka sha ruwan ambaliya, domin ruwa da laka sukan wanke man da ke cikin boris, tsatsa ta maye gurbinsa, kuma ba a ranar ake gani ba, sai bayan watanni. Saboda haka bakanike na ƙwarai, in ya cire bel, sai ya juya fuli na altaneta da na kwamfuresa da sauransu da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji yana ƙugi, ko yana girgiza, ko ya ƙi motsi, shi ne ɓarawon. Kada kuma a ɗaure bel fiye da kima don gudun ƙara, gama wannan shi ma yana kashe boris.

In bel ya tsinke ana tafiya, jar fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta soma hawa. Tilas ne a tsaya nan take. Tafiyar 'yan mintoci ba tare da ruwa yana zagayawa ba ta isa ta ƙona gaskit ɗin kan inji, kuɗin bel guda ya koma kuɗin sauke inji. Daga Maiduguri zuwa Damaturu kimanin kilomita 130 ne, kuma kowa ya san hanya ce da ba a so mota ta mutu a kanta da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai doguwar tafiya ya duba bel ɗinsa tun ana gobe, ya kuma ajiye wani a but tare da sifanar da ta dace da shi.

TIYO, BAƘIN MAI DA LEDA

Wani lokaci abin bai kai haka ba. Bakin salansa, inda ta haɗu da inji, yana ɗaukar zafin digiri ɗari-ɗari, kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya ƙone. Tiyon ruwa ko na iska wanda maɗaurinsa ya karye yana iya kwanciya a kansa. Sai a ga gefen tiyon ya narke ko ya yi baƙi. Gyaransa shi ne a sake tiyon, a ɗaure shi nesa da ƙarfen da maɗauri na sosai. Ɗaurin tsohon tsumman roba ba ya daɗewa a wurin zafi. In tiyon fetur ne, motar ba ta sake tashi sai an gyara.

Baƙin mai da ke tsiyaya daga gaskit ɗin murfin kan inji yana ɗiga a kan salansa, shi ma yana ba da wari mai kama da ƙaurin roba, tare da siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, an fi jinsa in an tsaya. A duba sandar awon mai, a duba ƙasan da mota ta kwana. Gaskit ba shi da tsada, amma mai a kan ƙarfe mai zafi yana kama wuta. Akwai kuma leda, wadda iska ke yawo da ita a kewayen kowace kasuwa: takan liƙe a salansa ta narke, ta yi kwanaki tana ƙauri. In mota ta huce sarai, a leƙa ƙarƙashinta, a kankare da ƙarfe, shi ke nan.

KULOCI

Warin kuloci ya bambanta kaɗan da na bel. Ya fi kaifi, kamar an haɗa roba da tsumma ana ƙonawa, kuma direba yakan ji shi bayan ya wahalar da mota. Faifan kuloci yana tsakanin inji da giya. In ƙafa ta sauka daga kansa gaba ɗaya, a manne yake, babu gogayya. In an taka shi har ƙasa, a rabe yake, nan ma babu. Ɓarnar tana tsakiya ne, wurin da direbobi ke kira rabin kuloci, inda faifan yake gogar ƙarfe yana ɗaukar zafi. Direban da ya taso daga Kasuwar Litinin da buhuna har rufin mota, ya shiga cunkoson keke a kan Dandal, yana tafiya taku ɗaya yana riƙe da mota da rabin kuloci, sa'an nan ya karya cikin lungu ƙafa ta nutse a yashi ya dinga ba ta wuta, wannan a yini ɗaya yana iya cinye abin da ya kamata ya yi masa shekaru. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, ko da ba a danna ba, shi ma yana cin faifan a hankali.

In sau ɗaya abin ya faru, a bar motar ta huce, ƙila faifan ya tsira. Hanyar ganewa ita ce a hau titin da babu cunkoso, a sa giya ta huɗu ana tafiya sannu, a taka totur. In inji ya yi kuka amma gudun mota bai ƙaru daidai da kukan ba, kuloci yana zamewa, sai a sake faifan, kuma ya kyautu a sake shi tare da abin da ke matse shi da boris ɗinsa, tun da an riga an sauke giya. Maganin maimaituwarsa kuwa yana ƙafar direba: in an tsaya a cire giya a saki kuloci, a kan tudu a riƙe mota da birkin hannu, in ta kafe a yashi a rage kaya, a haƙe gaban ƙafa, a sa katako ko rassa, a nemi masu turi. Motocin da ke canja giya da kansu ba su da wannan feda, amma man giyarsu in ya sha zafi yakan yi ƙauri, launinsa ya tashi daga ja ya koma ƙasa-ƙasa ko baƙi. Wanda ya ga haka ya kai ta wurin masanin irin wannan giya.

BIRKI DA TAYA

In ƙaurin daga ƙafa yake fitowa, a fara da abin kunya: birkin hannu da aka manta ba a sauke ba. Ya sami manyan direbobi. In ba shi ba ne, a zagaya motar ana kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa, ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Ƙafar da ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, birkinta ne ya riƙe. Sau da yawa mota takan riƙa ja zuwa wannan gefen, ta yi nauyi, ta ƙara shan mai. Dalili shi ne tsatsa ta kama abin da ke matse takalmin birki a kan faifai, wanda kanikawa ke kira kalifa, ko kuwa wayar birkin hannu ta cije cikin kubenta. Motar da ta yi kwanaki a ruwa, wuya ne ta kuɓuta daga wannan in ba a kwance ƙafafunta huɗu an wanke an sa musu mai ba. Kada a watsa ruwa a kan faifan da ya yi zafi, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. A bar shi ya huce da kansa.

Haɗarin da ke nan ya wuce na ƙauri. Man birki yana shan danshi daga iska, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen digiri 140. In ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu kome. Don haka masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sake shi duk shekara biyu, motar da ruwa ya ci kuwa ba ta jiran shekara biyu. Masu bin gangaren tsaunukan Biu ko na Jos su sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota, kada su kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa. Sabon takalmin birki yakan ɗan yi wari a kwanakin farko, wannan ba kome ba ne in bai daɗe ba kuma ƙafar ba ta riƙewa.

Taya ita ma tana ƙauri ta hanya biyu. Ko dai lodi ya danne mota, ko sifirin ya karye, har taya tana gogar jikin mota, sai a ga zane mai ƙyalli a gefenta. Ko kuwa iskarta ta yi kaɗan, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi har ta ɗauki zafi daga ciki. A kan kwaltar bazara, irin wannan tayar fashewa take yi ba sallama. A auna iska da safe kafin a yi tafiya, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba bisa bugun da mai faci ya yi mata da sifana ba. A jikin kowace taya kuma akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319, alal misali, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi game da tayar da ta wuce shekara huɗu. Mai sayen tsofaffin tayoyin da ake kira 'yan Beljiyam ya karanta wannan lamba kafin ya dubi zanen.

WAYOYIN LANTARKI

Wannan shi ne mafi haɗari duka, kuma shi ne wanda ba a yi masa jinkiri ko na minti ɗaya. Warinsa kamar na ƙonanniyar leda ne, mai ɗaci, mai sa tari da hawaye, yakan fito daga ƙarƙashin allon gaban direba ko daga ramukan iska. Wani lokaci fitila takan yi ƙyafta-ƙyafta, ko wani abu ya daina aiki a lokaci guda. Hayaƙin rigar waya guba ne, ba a zama cikinsa.

Kusan kowace waya a mota tana da fis mai gadinta. In wuta ta yi yawa, fis ne yake tsinkewa domin waya ta tsira. Fis ɗin da ya ƙone yana ba da labari ne cewa akwai inda waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Mai gyaran da ya cire shi ya cusa guntun waya, ko takardar azurfa ta kwalin taba, ko ya sa mai lamba 30 a gurbin mai lamba 10, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe: yanzu wayar ce za ta yi ja, ta narkar da rigarta, ta kunna na kusa da ita. Haka nan ƙarin ƙaho, da manyan fitilu, da amsa-kuwwa, waɗanda ake jonawa kai tsaye daga batir babu fis, a murɗa waya da hannu a naɗe da leda. Motocin haya da kekuna masu ƙafa uku sun fi fama da wannan.

Motar ambaliya tana da nata ciwon dabam. Laka takan shiga mahaɗan wayoyi da akwatin fis, ta bushe a ciki. Tagullar sai ta yi kore, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, kuma duk inda wuta ke wucewa da ƙyar zafi yake taruwa. Mota tana iya tashi lafiya, ta yi wata shida tana aiki, rannan mahaɗa guda ta narke. Abin da ya wajaba shi ne mai gyaran waya ya ɗaga shimfiɗar ƙasan mota, ya buɗe mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya busar, wadda ta ci ya yanke ya sa sabuwa.

Direban da ya ji irin wannan wari, bayan ya kashe inji ya fitar da mutane, in babu harshen wuta, ya cire kan batir, ya fara da na baƙar waya mai alamar ɗebewa. Dalili kuwa, wannan shi ne wanda ke haɗe da jikin mota, in sifana ta taɓa ƙarfe ana kwance shi ba za ta yi tartsatsi ba. Kashe makulli kaɗai bai isa ba, domin akwai wayoyin da wuta ke cikinsu dare da rana. Kada a mayar da kan batir don a gwada sa'a. A jawo motar zuwa gareji.

In kuwa wuta ta riga ta kama a ƙarƙashin murfin inji, wangale murfin ba ta iska ne, sai ta tashi ta tari fuskar mai buɗewa. A ja abin buɗewa daga ciki kawai, murfin ya ɗan ɗaga, a fesa maganin tukunyar kashe gobara ta wannan kafa. Doka ta ce kowace mota ta riƙe wannan tukunya, kuma wurinta kusa da direba ne, ba ƙarƙashin kaya a but ba. A riƙa duba allurarta tana kan kore. In babu, yashi yana taimako, Maiduguri kuwa ba ta rasa yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. In wutar ta fi ƙarfin tukunya guda, kowa ya ja nesa, a kira 'yan kwana-kwana, ko lamba 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗura. A lungunan da gidaje ke manne da juna irin na Shehuri, a hanzarta sanar da maƙwabta, a kuma janye motoci da kekunan da ke kusa. Mai ɗaukar jarkar fetur a cikin mota, da wanda ya mayar da motarsa mai aiki da iskar gas, su faɗa wa masu taimako haka tun kafin su matso.

A GAREJI

Mai mota ya gaya wa bakanike amsar tambayoyin nan uku kamar yadda ya lura, in motar ta taɓa shiga ruwa ya faɗa, kada ya ɓoye. Ya nemi a nuna masa wurin da ya ƙone da idonsa, a kuma ba shi tsohon abin da aka cire. Bakaniken da ya ce ƙauri ne kawai, zai daina da kansa, alhali bai ɗaga mota ba, bai cire bel ba, bai buɗe akwatin fis ba, bai duba kome ba tukuna. Bayan gyara a wanke man da ya zuba a jikin inji, domin ragowarsa kada ta rikitar da hanci, sa'an nan a fita da motar tare da bakaniken, a bi irin hanyar da ta jawo ƙaurin da fari, da irin lodin, a dawo a sake zagaya ta ana shinshinawa.

Mai niyyar sayen mota ta hannu kuwa, a Maiduguri ne ko a wani gari, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba busasshiyar laka, ya leƙa ramin safaya, ya dubi ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya ga ko akwai shatar ruwa. In ya tarar an cika motar da turare, ya buɗe ƙofofinta huɗu ta sha iska, ya rufe, ya bar ta a rana na sa'a guda, sa'an nan ya shiga ya tayar da inji.